Ashe Ina Zuwa

Gwiwa, 14 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Nafisa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ya karatu, ya baƙunta? Mu nan duk lafiya lau, sai zafi da ake fama da shi. Kakarmu Inna Tasalla tana gaishe ki. Jikinta da sauƙi.

Ni ce Bahijja, 'yar Umma Zara ta Roni, ƙanwar marigayiya mahaifiyarki. Ni aka kawo in zauna da Inna bayan tafiyarki ƙasar Sin. Wataƙila ba za ki tuna ni ba, don ranar da aka yi miki rakiya ban iya ce miki komai ba. Yanzu ina ajin ƙarshe na sakandare. Ki yi haƙuri idan kin ga kuskure a rubutuna.

Inna ce ta sa ni rubutowa. Ta ce ita waya ba ta yi mata. Kin san sai an hau dutsen bayan gida ake samun sabis, ita kuwa ƙafa ta daina hawa, kunnen ma ya yi nauyi. Takarda take so, wadda za ta sa ƙarƙashin matashinta. Kawu Daudu ya yarda zai taimaka. Idan na rubuta zan ba mai mashin ya kai masa Kazaure, ya ɗauki hoto ya tura miki. Ke ma ki rubuta da hannunki ki turo masa hoton, ya buga a takarda ya aiko mana.

Ta ce in rubuta wannan daidai yadda ta faɗa, kada in gyara: "Ki ce wa Uwar-surutu, Hausar da na koya mata ce ba ta ishe ta ba, sai da ta je ƙarshen duniya neman bakin wasu? Kuma na ji Daudu ya ce yanzu yare biyu take koyo. Baki ɗaya Allah Ya ba ta, ina za ta zuba su?"

Ni kuma Kurma take ce mini, wai ta yi rashin rediyo an kawo mata bango.

Yaya, ni ma ina da tambaya idan ba damuwa. Da gaske ne Sinanci ba shi da baƙaƙe irin namu? Shi kuma Bengali ɗin da kika ƙara, na tambayi malaminmu ya nuna mini Bangaladesh a taswira. Ai ba a Sin take ba. Yaya aka yi kike koyonsa a can?

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Bahijja

*

Kunming, 2 ga Mayu

Bahijja ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Na ga wasiƙarki, sai da na karanta sau huɗu. Lafiyata ƙalau. Na gode wa Allah da jikin Inna ya yi sauƙi. Ki gaishe ta, ki gaida Umma Zara idan kin je Roni.

Ya za a yi in manta ki? Ke ce kika laɓe bayan randa ranar da zan tafi, kika miƙo mini ƙullin aya ba tare da kin ɗago kai ba. A filin jirgi na cinye ta.

Ki ce wa tsohuwar nan baki ɗaya ne, amma gadonta na yi, yana ɗaukar kaya. Kuma Hausar da ta koya mini ita ce take cetona a nan. Sinanci harshe ne na hawa da saukar murya. Kalma ɗaya, idan ka ɗaga murya ma'ana daban, idan ka sauke ma'ana daban. Turawan ajinmu har gumi suke yi. Ni kuwa na ce wa malamarmu ai mu ma haka muke. Na faɗa mata kuka ta miya da kuka na hawaye, na ce ta bambance. Ta kasa! Ranar na rama. Baƙaƙe kuwa babu irin namu, kowace kalma da zanenta, sai ka haddace dubbai. Har kanta ta fito mini a yatsa.

Bengali kuma a dalilin abokiyar ɗakina ne, Shirin, 'yar Bangaladesh. Musulma ce, tare muke salla. Ita ta riƙe ni lokacin da kewar gida ta kusa mayar da ni. Da aka ce bana kowa ya zaɓi harshe na biyu, kuma jami'armu tana koyar da nasu, sai na zaɓe shi. Rubutunsu zai ba ki dariya, baƙaƙen rataye suke a jikin layi kamar shanya a igiya.

Yanzu ga muhimmiyar magana, game da dogon hutunmu na watan Yuli. Ina so ki karanta wa Inna a hankali. Sashenmu

(Shafi na biyu bai iso ba.)

saboda haka ki riƙa gaya mini yadda jikinta yake, kada ki ɓoye mini komai. Allah Ya ba ki sa'ar jarrabawa. Ki ci abinci, kada ki zauna da yunwa kina karatu.

Ashi, ina zuwa.

Yayarki,
Nafisa

*

Gwiwa, 11 ga Mayu

Yaya Nafisa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan alheri. Muna lafiya. Jikin Inna da sauƙi sosai tun ranar da wasiƙarki ta zo, duk da kumburin ƙafafun bai saɓe ba.

Yaya, ban san yadda zan kwatanta miki murnar da aka yi ba. Shafi biyu kawai Kawu ya aiko, ya ce hoto ɗaya ya ƙi buɗewa a wayarsa. Amma abin da ya fi muhimmanci ya iso. Kin fara maganar hutun Yuli, a ƙarshe kuma kin ce, "Ashe ina zuwa." Kin rubuta "Ashi", na gane hannu ne ya kuskure, na gyara da nake karantawa.

Inna tana kwance na karanta mata. Da na zo wurin, sai ta ce, "Me ta ce?" Na maimaita kusa da kunnenta. Ta yunƙura ta zauna da kanta, abin da ta yi kwana goma ba ta yi ba. Ta ce, "Ja'ira! Sai a gindin takarda za ta sa, don ta ga ko zan kai ƙarshe." Ranar ta ci tuwo rabin malmala.

Ta sa na share ɗakinki na fitar da buhunan da aka ajiye a ciki. Ta aika garin Babura a sayo daddawa wajen matar da take saya tun kina ƙarama. Ta sa na daka busasshen ganyen kukar bayan gida, ta tankaɗe da hannunta tana zaune, muka cika gwangwani. Na ba ta labarin malamarki da kuka biyu, ta yi dariya har da tari. Ta ce ki zo ki sha ta miyar, ɗayar kuma an yafe.

Duk wanda ya shigo dubiya sai ta ce masa 'yar Sin tana tafe. Kullum da safe sai ta tambaye ni ko Yulin ya kama, in ce da saura.

Ni ma na yi murna, Yaya. Na ware wani littafi na ajiye, ko za ki rubuta mini sunana da Sinanci da Bengali idan kin zo.

Mun fara jarrabawa. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Bahijja

*

Kunming, 9 ga Yuni

Bahijja,

Salamu alaikum. Ina lafiya, ina fatan kuna lafiya. Sai jiya wasiƙarki ta iso, kusan wata guda, Kawu ya ce wayarsa ce ta lalace. Tun da na karanta na kasa cin komai.

Ƙanwata, ba kuskuren hannu ba ne. Ashi kalmar Bengali ce. A shafin da bai iso ba na yi bayaninta. Su mutanen su Shirin idan za su rabu ba sa cewa "na tafi", suna ganin faɗin haka ba alheri ba ne. Sai su ce "ashi", ma'anarsa "ina zuwa". Ko da mutum ƙasar zai bari shekara goma, abin da zai ce ke nan. Abin ya burge ni don ya yi kama da namu, yadda mutum zai miƙe ya ce ina zuwa alhali fita zai yi. Shi ya sa na rufe wasiƙar da shi. Sallama ce kawai na yi muku. Laifina ne, da ban yi wasa da irin wannan kalma ba.

Ga abin da ke shafin. Sashenmu zai kai ɗalibai shida birnin Dhaka, babban birnin Bangaladesh, na mako bakwai a hutun Yuli, mu zauna cikin masu harshen. Ina cikin waɗanda aka zaɓa, kuma sau ɗaya ake yi wa kowane aji. Na ce idan jikin Inna da sauƙi zan je, sai in zo gida hutun Janairu. Idan kuwa ba haka ba, in bar tafiyar in taho.

Ranar ashirin da biyar ga wannan wata za a rufe sunaye. Na tambayi Kawu ya ce da sauƙi, amma Kawu sau ɗaya yake leƙa ku a wata. Ke kike tare da ita. Bahijja, Inna ce uwata, tun ina shekara huɗu ban san wata ba. Ki gaya mini gaskiya. Idan kika ce in zo, wallahi zan zo, ba zan ji komai ba.

Sannan don Allah ki yi mata bayani. Ki zaɓi lokacin da take cikin raha. Kada a bar ta tana ƙirga kwanaki.

Ina jiran amsarki da gaggawa.

Nafisa

*

Gwiwa, 17 ga Yuni

Yaya Nafisa,

Assalamu alaikum. Na samu wasiƙarki. Ki yafe mini, ni ce na karanta ba daidai ba.

Muna lafiya. An yi ruwan shuka ranar Talata, Kawu ya sa an shuka wa Inna gonarta. Na gama jarrabawa.

Jikin Inna da sauƙi.

Umma ta zo daga Roni yau kwana tara, ba ta koma ba. Ta ce za ta ɗan zauna. Inna ta fi son kunu yanzu. A zaune take salla, wani lokaci a kwance. Shekaranjiya ta cire zoben azurfarta ta ba Umma, ta ce ya yi mata yawa a yatsa. Ta aika a kira maƙwabciyarmu da suka yi shekara biyu ba sa magana, sun daɗe a ɗaki.

Ban yi mata bayanin ba tukuna. Ta ga takardar a hannuna ta ce in karanta. Na karanta gaisuwar, na tsallake sauran. Ina neman lokacin da ya dace.

Maganar tafiya kuwa, Yaya, ni ƙarama ce, ba ni da bakin da zan ce miki ki zo ko kada ki zo. Ke ce babba. Ki duba abin da na rubuta, Allah Ya zaɓa mafi alheri.

Ƙanwarki,
Bahijja

*

Kunming, 23 ga Yuni

Bahijja ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi! Kin sauke mini dutse daga ƙirji. Kwana goma sha huɗu ina jiran wannan layin. Lafiyata ƙalau yanzu.

Na ji daɗin zuwan Umma Zara, ko ba komai kin samu hutu bayan jarrabawa. Kunun ma yana da kyau, ku riƙa sa mata madara. Zoben kuma ki ce wa tsohuwar nan na ji labari, ni ta yi wa alkawarinsa, za mu yi shari'a idan na zo.

Na ba da sunana yau da safe. Za mu tashi ranar uku ga Yuli. Shirin ta ce mahaifiyarta za ta saƙa wa Inna mayafi. Ki yi ƙoƙari ki gaya mata maganar Janairu, na san da nauyi, amma wata shida kamar gobe ne. Littafinki ki ajiye, sunanki zai sha ado.

Ba zan ƙara rufe wasiƙa da waccan kalma ba. Sai na ji daga gare ki.

Yayarki,
Nafisa

*

Gwiwa, 6 ga Agusta

Yaya Nafisa,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ta huta, Ya haskaka kabarinta. Na san Kawu ya kira ki a Dhaka ranar da abin ya faru. Jiya aka share makoki. Umma tana gaishe ki, lafiyarmu ƙalau.

Wasiƙarki ta ƙarshe ta zo tun farkon Yuli, ban amsa ba. Na fara sau uku ina yagawa. Yau zan rubuta komai, ko da za ki daina kirana ƙanwarki.

Yaya, lokacin da kika ce in gaya miki gaskiya, na san gaskiyar. Na san jikin ba sauƙi. Na zauna da biro na rubuta "ki zo", sai na ga kamar na rubuta cewa Inna za ta mutu, kamar ni ce na kira abin. Tun da na taso ban taɓa jin an ce jikin mara lafiya ya tsananta ba. Ranar da kakanmu na Roni zai rasu, da safe da sauƙi aka ce wa masu dubiya. Sai na soke, na rubuta abin da ake cewa. Daga nan na jera miki zuwan Umma, da kunun, da zoben, da maƙwabciyar da aka kira. Na ɗauka duk wanda ya tashi a gidan nan zai ji abin da ke ƙarƙashinsu. Ba ina ɗora miki laifi ba ne. Kin yi mini tambaya a fili, ni ce na amsa a ɓoye. Da amsarki ta zo kina murna, na san har kun tashi.

Da Yuli ya kama, Inna ta sa a riƙa fito da ita bakin ƙofar ɗaki bayan la'asar, wai ta sha iska. Duk mashin ɗin da ya tsaya a waje, kunnen da ba ya jin maganarmu sai ya ji. Takan gyara ɗankwali. Haka muka yi kwana goma sha biyu.

Ran nan muna zaune, Umma ta shiga maƙwabta, sai ta ce, "Kurma, ɗauko mini takardar nan da kika karanta mini gutsure."

Na ce, "Wacce, Inna?"

Ta ce, "Kada ki raina mini hankali. Ban yi boko ba amma ina da ido. Takarda cike gaba da baya, ki karance ta da numfashi biyu? Uwar-surutu ce fa ta rubuta."

Na ɗauko. Na karanta mata duka, da wadda ta biyo baya, ina kuka. Sai da na ɗaga murya don ta ji, har yau ina jin muryata tana faɗin "sallama ce kawai na yi muku" a tsakar gida. Ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakinki.

Can ta ce, "Sake faɗin kalmar."

Na ce, "Ashi."

Ta ce, "Ashi. Wato su ba sa cewa sun tafi."

Na ce e.

Ta ce, "Mutanen kirki ne. Sun san ciwon rabuwa. Bari ta koyi bakinsu." Sai ta juyo ta ce, "Ke kuma me kika ce mata a kan jikina?"

Na ce, "Na ce da sauƙi."

Ta ce, "To da me za ki ce? Share hancinki, kin yi muni."

Ba ta ƙara cewa a fito da ita bakin ƙofa ba. Amma ba ta yi fushi da ke ba, Yaya, wallahi ko sau ɗaya. Ta sa Umma ta dawo da zoben, ta ce mai shi ta shigar da ƙara. Yana wurina a ƙulle cikin hankici. Takardunki duka suna ƙarƙashin matashinta har ranar da aka fita da ita.

Ranar Lahadi ashirin da bakwai ga Yuli numfashinta ya yi nauyi, Kawu ya zo da mota da hantsi don a kai ta asibiti Kazaure. Ni aka ce in zauna in kula da gida. Kawu da wani maƙwabci suka ɗauke ta a kan tabarma. Da suka kai zaure ta ce su tsaya. Ta neme ni da ido, ina bayan randa, ban ma san na je can ba.

Ta ce, "Kurma, ki rufe kukar yarinyar nan da kyau, kada damina ta ɓata ta."

Na ce to.

Sai ta ɗan yi murmushi irin na lokacin da za ta tsokani mutum, ta ɗaga yatsa ɗaya ta ce, "Ina zuwa."

Kawu ya ce, "In sha Allahu, Inna." Shi bai san komai ba. Ni kaɗai na san da bakin mutanen su Shirin ta faɗa. Ranar Talata da azahar ta cika.

Gwangwanin yana nan, na sa leda na ɗaure bakinsa. Ɗakinki ina share shi. Umma ta ce in koma Roni, na roƙe ta a bar ni nan wajen matar Kawu da za ta zo riƙon gida, har Janairu, in ba ki zoben hannu da hannu.

Abu ɗaya nake roƙo. Idan za ki amsa mini, kada ki ce ba komai. Na san haka ake cewa. Ki rubuta abin da ke ranki game da ni, ko da mai zafi ne, ki sa lamba a kowane shafi. Zan karanta duka, ba zan tsallake ko layi ɗaya ba.

Ƙanwarki, idan kin yarda,
Bahijja